Yadda ake bin diddigin ɗan majalisar jiha, daga rumfar zaɓe zuwa zauren majalisa

Da zarar kakar zaɓe ta ƙarato za ka ga fosta tana cewa Honarabul ya ci zaɓe sau uku a jere, ya kai ƙudurori barkatai, ya kawo wa mazaɓa romon dimokuraɗiyya. Kusan kowace magana a ciki akwai takardar da za ta gaskata ta ko ta ƙaryata ta, sai dai takardun a warwatse suke: wasu a hannun hukumar zaɓe ta INEC, wasu a rajistar kotu, wasu a ofishin akawun majalisa. Kafin ka fita nema, ja layuka a littafi, kowane zaɓe da layinsa, ka ware gurbin shekara, jam'iyya, yadda ya sami tikiti, ƙuri'unsa, ƙuri'un wanda ya zo na biyu, adadin waɗanda aka tantance, hukuncin kotu, da ranar rantsuwa. Gurbin da ya ƙi cika, a nan yawanci labarin yake.

Fara da sunan mazaɓa da ranar zaɓe

Sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba kuma za ta haura 40 ba. Kano da Legas suna da 40, Kaduna da Katsina 34, Jigawa da Sakkwato 30, Zamfara, Kebbi, Yobe da Gombe 24. Mazaɓar jiha ba lallai ta yi daidai da ƙaramar hukuma ba. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 amma kujeru 40, shi ya sa aka haɗe wasu biyu-biyu, kamar Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Bagwai da Shanono. A wasu jihohin kuma ƙaramar hukuma ɗaya ake rabawa gida biyu. Wanda ya ɗauko sakamakon ƙaramar hukuma guda ya ce shi ne na mazaɓar, ya ɓata lissafi tun daga tushe.

Ranakun ma a kula da su. Zaɓen majalisun jihohi na 2015 an yi shi ranar 11 ga Afrilu, na 2019 ranar 9 ga Maris, na 2023 ranar 18 ga Maris. Inda zaɓe bai kammala ba, an ƙarasa ranar 23 ga Maris a 2019, da 15 ga Afrilu a 2023. Lambar majalisa kuma tana rikita mutane: wadda aka rantsar a 2023 ita ce ta goma a Kano, ta takwas a Jigawa, ta bakwai a Zamfara da Gombe, domin kowace jiha daga lokacin da ta fara majalisa take ƙirgawa. Rubuta shekaru, kada ka dogara da lambar.

Tikiti

Doka ta sa kowane ɗan takara ya cika fom na rantsuwa, wanda yanzu ake kira EC9, a da kuma CF001, ya bayyana shekarunsa, makarantun da ya yi da ayyukan da ya riƙe. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ce a sashe na 29 INEC ta liƙa bayanan a mazaɓa, kuma duk mai so yana iya rubuta takarda ya biya kuɗi a ba shi kwafi mai hatimi cikin kwana 14. Idan mutumin ya tsaya takara fiye da sau ɗaya, nemi fom ɗin kowane zango ka jera su. Ranar haihuwa da ta motsa, ko makarantar da ta bayyana a wannan fom ta ɓace a wancan, ba a ganinsu sai an jera. Sharaɗin ilimi shi ne matakin sakandare ko makamancinsa, na shekaru kuma 25 tun gyaran 2018. Kafin nan 30 ne.

Sannan ka gano yadda aka fitar da shi: 'yar tinƙe ce, daliget ne, ko maslaha aka yi aka ɗaga hannunsa. Kada ka raina wannan gurbin. A 2019 'yan takarar APC ne aka bayyana sun lashe kujerun majalisar Zamfara, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, ta zubar da ƙuri'unta kaf, kusan dukkan kujerun 24 suka koma hannun PDP. Mai duba takardar sakamako kawai zai rubuta sunayen mutanen da ba su zauna a waccan majalisar ba.

Ƙuri'u

Ɗan majalisar jiha da rinjaye kawai yake ci. Babu sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu irin na gwamna, ko da ƙuri'a ɗaya ya ɗara abokin takara an gama.

Sakamakon kowace rumfa yana kan fom na jerin EC8A, wanda jami'in rumfa ke cikewa, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu. Daga nan a tattara na gunduma a EC8B, na gaba a EC8C, baturen zaɓe ya bayyana wanda ya ci a EC8E. Rumfar da aka soke ko ba a yi zaɓe ba, ana rubuta ta a EC40G. Hotunan takardun rumfa ana ɗora su a shafin IReV na INEC, wanda, abin sha'awa, da zaɓen ɗan majalisar jiha aka fara gwada shi: zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya a Agustan 2020. Na'urar BVAS ta tantance masu zaɓe ma haka, a mazaɓar Isoko ta Kudu ta ɗaya a jihar Delta aka fara aiki da ita, a Satumbar 2021. Ma'ana, duk zaɓen da ya gabaci 2020 ba za ka same shi a IReV ba. Sai dai ofishin INEC na jiha, tsofaffin jaridu, ko kwafin da ejan ya adana.

Idan ka buɗe takardar rumfa, kada idonka ya tafi kai tsaye kan ƙuri'un jam'iyyu. Duba akwatunan sama tukuna: masu rajista, waɗanda aka tantance, takardun ƙuri'a da aka bayar, waɗanda suka rage, waɗanda suka lalace, da waɗanda aka ƙi karɓa. Ƙuri'u masu kyau da waɗanda aka ƙi, idan an haɗa, kada su wuce adadin waɗanda aka tantance. In sun wuce, aringizo ke nan, kuma dokar 2022 ta ce a soke rumfar. A tsohuwar doka da yawan masu rajista ake aunawa, shi ya sa aringizo yake da wuyar kamawa a zaɓukan baya. Lura kuma da lambar da aka murje aka sake rubutawa, da inda adadin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa da na lambobi, da takardar da ba hatimi. Wani lokaci hoton da ke IReV ya yi duhu, ko an ɗora na gwamna a gurbin na majalisa tunda a yawancin jihohi rana ɗaya ake yin su. Irin wannan ka sa masa alama, ka nemi kwafi mai hatimi.

Abin da ya fi nuna ƙarfin ɗan siyasa shi ne tazara da kaso, ba tulin ƙuri'u kaɗai ba. A ce a zaɓen farko ya sami 30,000 cikin ƙuri'u masu kyau 50,000, wato kashi 60. A na biyu ya sami 32,000 cikin 70,000. Magoya baya za su ce ƙuri'unsa sun ƙaru, alhali kasonsa ya faɗo ƙasa da kashi 46, rarrabuwar 'yan adawa ce ta cece shi. Daga nan ka kwatanta ƙuri'unsa da na ɗan takarar gwamnan jam'iyyarsa a rumfuna ɗaya. Idan ya zarce gwamna, jama'arsa ce ta kansa. Idan kai-da-kai suke ko yana ƙasa, guguwar "sak" ce ta ɗauko shi, kuma irin wannan ranar da uban gida ya juya masa baya shi ke nan. Yi wannan gunduma-gunduma, za ka ga inda yake da gindi da inda sai an taya shi.

Zaɓen da bai kammala ba, wanda 'yan siyasa ke ce wa inkonkulusib, yana faruwa ne idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ba. Sakamakon ƙarshe shi ne na ranar farko haɗe da na ranar ƙarasawa. Jaridu kan buga na farko da babban kanu, na biyun ya shige lungu, don haka ka nemi duka biyun.

Kotu

Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 daga ranar bayyana sakamako ya shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Kotun tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. A irin wannan shari'ar ta ƙalubalantar sakamakon zaɓen 'yan majalisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ce ƙarshe, ba a zuwa Kotun Ƙoli kamar ta gwamna. Filato ta nuna nauyin wannan: a Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke 'yan majalisar jihar 16 na PDP kan batun shugabancin jam'iyya. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan hujjar a shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang, ta mayar masa da kujerarsa, amma su 'yan majalisar ba su da inda za su kai kuka.

Saboda haka ka rubuta abu uku daban-daban: wanda INEC ta bayyana, wanda kotu ta tabbatar, da wanda ya zauna. Idan kotu ta ce a sake zaɓe a wasu rumfuna, nemi sakamakonsa. Da yawa daga cikin na zagayen 2023 an yi su ranar 3 ga Fabrairun 2024. Takardar shaidar cin zaɓe ma ba ta nufin mutum ya shiga zaure. A Edo, mutum tara cikin 24 aka rantsar da daddare a Yunin 2019, zuwa Disamba kuma aka ayyana kujeru 14 a matsayin babu kowa. Kada ka dogara da abin da lauyan ɓangare ɗaya ya faɗa wa 'yan jarida a harabar kotu. Karanta umarnin da ke shafukan ƙarshe na hukuncin.

Sauya sheƙa ka rubuta ta da rana. Sashe na 109 na kundin tsarin mulki ya ce wanda ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujera, sai in jam'iyyar ta rabu ko ta narke cikin wata. A aikace kakaki ne ke ayyana kujerar, kuma ba kasafai yake yi wa wanda ya shigo jam'iyyarsa ba. Kada ka lissafa haɗewa a matsayin sauya sheƙa: ɗan ANPP, CPC ko ACN da ya wayi gari a APC a 2013, jam'iyyarsa ce ta koma can da shi.

Cikin zaure

Nan ne aikin ya fi wuya, domin majalisun jihohi kaɗan ne ke sa takardunsu a intanet. Rubuta wa akawun majalisa ka nemi jadawalin zama, takardar abubuwan da aka zartar a kowane zama, da Hansad, wato kundin da ke ɗauke da kalaman kowa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi. Kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. Faɗi ranaku da sunan takardar da kake so. Wanda ya rubuta "duk ayyukan Honarabul" a aljihun tebur takardarsa za ta kwana.

Rarrabe ƙudurin jan hankali da ƙudurin doka. Na farko kira ne ga gwamnati ta gyara hanyar gari kaza, ana amincewa da shi cikin mintoci, kuma ba ya tilasta wa kowa. Na biyu sai ya bi karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti, karatu na uku, sannan gwamna ya sa hannu cikin kwana 30, in ya ƙi sai kashi biyu cikin uku su tsallake shi. Yawancin "ƙudurori" da ke kan fosta na farkon ne. Dokokin da suka fito daga gidan gwamnati kuma shugaban masu rinjaye ne ke gabatar da su, don haka ganin sunansa a kai ba ya nufin shi ya ƙirƙira. Majalisa dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku ba dalili yana iya rasa kujera, sai ka nemi rajistar halarta. Yadda ya kaɗa ƙuri'a kan doka ba kasafai ake samu da suna ba, tunda da murya ake yi. Jerin sa hannun tsige kakaki ko na goyon bayansa ya fi fayyace ɓangaren kowa.

Muƙamai ma da rana ake rubuta su. Kabiru Alhassan Rurum na Rano ya zama kakakin majalisar Kano a 2015, ya sauka a 2017, Yusuf Abdullahi Ata na Fagge ya hau, aka tsige shi a Yulin 2018, Rurum ya dawo. Zango ɗaya ke nan. A ƙarƙashin Rurum aka zartar da dokar ƙirƙiro masarautun Rano, Gaya, Ƙaraye da Bichi a Mayun 2019, kotu ta rushe ta, majalisar da ta biyo baya ta sake yin ta a Disamba, sannan majalisar da Jibrin Isma'il Falgore ke jagoranta ta soke ta ranar 23 ga Mayun 2024. Ga ɗan majalisar Kano da ya ratsa waɗannan shekaru, tambayar ita ce me ya ce a kowane zama, kuma a wace jam'iyya yake a lokacin.

Ayyukan mazaɓa kuwa, ma'aikatu ne ke ba da kwangilarsu. Nemo layin aikin a kasafin jihar na wannan shekarar, ka duba rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku ko an saki kuɗin, sannan ka taka zuwa wurin. Karanta allon da aka kafa a gindin rijiyar burtsatsen: wace hukuma ce ta biya, wace shekara, kuma ka murɗa famfon ka ga ko ruwa na zuwa.