Yadda ake saka sabon Git a Ubuntu ta rumbun git-core

Ubuntu ba ta sauya sigar Git, manhajar da ke bibiyar sauye-sauyen fayilolin aiki, bayan ta fito. Wanda ke kan Ubuntu 20.04 yana da Git 2.25.1, mai 22.04 yana da 2.34.1, mai 24.04 kuma 2.43.0. Ko ka kwana kana `apt upgrade` lambar nan ba za ta motsa ba, gyaran tsaro kawai suke liƙa wa tsohuwar. Ga mafi yawan aiki wannan ya wadatar. Matsala tana ɓullowa ne idan mai koyo ya bi darasin da aka rubuta da sabon Git. Sai ya saita `init.defaultBranch`, saitin da ke ba reshen farko suna, zuwa `main` a kan 20.04, ya buɗe sabon aiki, ya ga reshen yana nan `master`, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya. Dalili shi ne wannan saitin ya zo ne a 2.28, a 2020, kuma Git yana karɓar duk sunan saitin da ka ba shi ko da bai san shi ba. Haka `push.autoSetupRemote` yake yi wa masu 22.04, domin sai a 2.37 ya shigo.

Maganin shi ne rumbun git-core da ke shafin Launchpad, irin rumbunan manhaja na waje da ake kira PPA. Ba Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, ce ke kula da shi ba, amma shi ne wanda shafin Git kansa yake nuna wa masu Ubuntu. Akwai masu son sauke tushen manhajar su harhaɗa da kansu. Ni ban yarda da wannan ga mai koyo ba, kuma za ka ga dalili nan gaba.

Da farko buɗe terminal, buga `git --version` ka rubuta lambar a wani wuri. Sannan ka ƙara rumbun:

`sudo add-apt-repository ppa:git-core/ppa`

Zai nuna bayanin rumbun ya jira ka danna Enter. Idan aka ce maka babu wannan umarnin, wanda yakan faru a sabar da aka girka da ƙaramar Ubuntu, saka `software-properties-common` tukuna. Kula da ƙarshen sunan: `ppa` ne. Akwai wani mai suna `candidate` a ƙarƙashin git-core ɗin, na sigogin gwaji ne, ba naka ba ne. Idan kuma Debian kake amfani da ita, tsaya nan. An gina PPA ne domin Ubuntu da irin su Linux Mint da ke kanta, cusa shi cikin Debian ɓata tsarin kunshe-kunshenka ne kawai.

Bayan haka `sudo apt update`. Tun daga 18.04 umarnin ƙara rumbu yana yin wannan da kansa, amma ka maimaita, ba ya cin data mai yawa, kuma a nan ne za ka ga idan rumbun ya ƙi amsawa.

Kada ka yi gaggawar sakawa. Buga wannan:

`apt policy git`

Layi biyu na sama su ne abin dubawa. `Installed` shi ne wanda ke kwamfutarka yanzu, `Candidate` shi ne wanda apt zai ɗora maka. Dole lambar ta biyu ta fi ta farko, kuma a ƙasa ka ga adireshin `ppa.launchpadcontent.net`, ko `ppa.launchpad.net` idan kana kan 20.04. Wancan `1:` da ke gaban lambobin kada ya ruɗe ka, na tsarin kunshe ne, ba na Git ba. Idan lambobin biyu iri ɗaya ne, rumbun bai shiga ba, ko kuma babu kunshi na Ubuntun da kake kai, musamman idan tsohuwa ce da aka daina tallafa mata. Leƙa cikin `/etc/apt/sources.list.d/` ka ga ko fayil mai sunan git-core yana nan. Idan komai daidai ne:

`sudo apt install git`

Yanzu wurin da na fi ganin mutane suna maƙalewa. An gama sakawa lafiya, an buga `git --version`, sai tsohuwar lamba ta sake fitowa. Daga nan sai mutum ya cire Git, ya sake sakawa, ya ƙara rumbun sau biyu, wani har ya sake kunna kwamfuta. Duk wahalar banza ce, apt ya riga ya yi aikinsa. Abin da ke faruwa shi ne Git biyu ne a na'urar. Buga:

`type -a git`

Apt yana ajiye nasa a `/usr/bin/git`. Idan ka ga `/usr/local/bin/git` a samansa, to wani ya taɓa harhaɗa Git da hannu, wataƙila kai ne shekarun baya, wataƙila wanda ya riƙe sabar kafin kai. A `PATH`, wato jerin wuraren da ake bi ana neman umarni, `/usr/local/bin` yana gaban `/usr/bin`, saboda haka tsohon ne kullum yake amsawa, kuma apt bai ma san da zamansa ba. Wani lokacin ba a nan yake ɓuya ba, yana cikin `~/bin` ko wata ma'ajiyar conda, wata manhajar saka kunshe-kunshe. Don ka tabbatar, kira sabon da cikakken adireshinsa: `/usr/bin/git --version`. Idan wannan ya nuna sabuwar lamba, ka kama ɓarawon.

Kada ka goge tsohon nan take. Sauya masa suna:

`sudo mv /usr/local/bin/git /usr/local/bin/git.tsoho`

Sai ka buga `hash -r`, domin Bash, mai karɓar umarninka a terminal, yana riƙe wurin da ya samu umarni a baya, kuma idan ba ka share wannan ba zai ci gaba da neman fayil ɗin da ka kawar. Buɗe sabuwar tagar terminal ma yana yi. Wanda aka harhaɗa da hannu yakan bar tarkace a `/usr/local/libexec/git-core`. Idan ka yi kwana biyu komai na tafiya daidai, kana iya share su.

Saitunanka da ke `~/.gitconfig` da ayyukanka ba abin da zai taɓa su. Daga yanzu sabon Git zai riƙa zuwa tare da `apt upgrade` na kullum, wanda ke nufin gyaran tsaronsa ma ya koma hannun masu rumbun. Shi ya sa a kwamfutar aikina nake sa shi ba tare da tunani ba, amma a sabar da jama'a suka dogara da ita sai in akwai takamaiman abin da tsohon ba ya iyawa.

Idan kana son komawa baya, cire rumbun kaɗai ba ya mayar da tsohon Git. Saka `ppa-purge` ka buga `sudo ppa-purge ppa:git-core/ppa`, shi zai kashe rumbun ya dawo da na Ubuntu. Kuma duk ranar da ka ɗaga Ubuntu zuwa sabuwar fitowa, tana kashe rumbunan waje gaba ɗaya, sai ka sake buga umarnin ƙara rumbun bayan an gama.