Yadda za ka wallafa muƙala kowa ya karanta kyauta, ba tare da an damfare ka ba

Tun bayan sanarwar Budapest ta 2002, mai kira da a buɗe wa kowa binciken ilimi kyauta, mujallun ilimi da dama suka shiga sakar wa mai karatu mara, ya sauke muƙala ba ko sisi. Sai dai kuɗin bai ɓace ba, wuyan marubuci ya koma. Shi ake kira APC, ba jam'iyyar ba, kuɗin wallafa. Mujallar Nature ta yanka nata Yuro 9,500 a 2021. Ina malamin jami'a zai gan su?

Kafin komai, tantance mujallar. Nan ne na sha ƙasa. Imel ya shigo daga wata mujalla ana ta kirana Farfesa, alhali ko digiri na uku ban kammala ba, kaina ya kumbura na tura musu aikin shekara guda. Kwana huɗu suka ce sun karɓa, ko waƙafi ba su gyara ba. Na biya da dala. Da lokacin ƙarin girma ya zo, kwamiti ya ja wa muƙalar jan biro, kuma ba damar kai ta wani wuri tunda an riga an buga.

Don haka duba ko mujallar tana cikin DOAJ, rumbun sunayen mujallun kyauta da aka tantance, wanda aka buɗe a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. Kada ka nemi mujalla da sunanta, sa lambar ISSN ɗinta, wato lambar shaidar mujalla, domin 'yan damfara kan ɗauki sunan sananniyar mujalla su sauya kalma ɗaya. In sun manna tambarin Scopus, wani babban rumbun da ke tantance mujallu, a shafinsu, je ka duba jerin Scopus ɗin da kanka; manna hoto ba wuya. Sannan ka ɗauki sunan editoci biyu ka bi su har shafin jami'arsu. Wani bai ma san an sa shi ba. Ni dai duk mujallar da ta fara nemana, na sallame ta.

A DOAJ ɗin akwai wurin tace waɗanda ba sa karɓar kuɗi sam, kuma suna da yawa. Leƙa shafin AJOL ma don mujallun Afirka, sai dai ba duka ne a buɗe ba.

In wadda ka zaɓa tana karɓar kuɗi, nemi rangwame ko yafiya ranar da kake turawa. Bayan an karɓi muƙala sai ka ji an ce bakin alƙalami ya bushe. Manyan kamfanoni da dama na sassauta wa marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma sau da yawa sai ka tambaya.

Lasisi, zaɓi CC BY kawai, wanda ke ba kowa damar amfani da muƙalar muddin ya ambaci sunanka. In kuma tsohuwar mujalla ce mai kulle, wadda sai an biya ake karantawa, duba sharaɗinta, ka ɗora kwafinka na ƙarshe da masu bita suka amince da shi a Zenodo, ma'ajiyar bincike ta kyauta a intanet, ko rumbun jami'arku. Naka na Word nake nufi, ba PDF ɗinsu mai tambari ba.