Yadda za ka sabunta fasfon Najeriya cikin sauri idan kana zaune a Ingila

Wani daren Laraba ƙanwata ta kira ni daga Katsina ta ce an kwantar da Hajiyarmu a asibiti. Ina ajiye waya na jawo jakar takarduna, na buɗe koren fasfona, sai na tarar ya mutu wata uku da suka wuce. Shekara shida ina aiki a Leicester, ban taɓa jin nisan gida ba irin na wannan dare. Abin da na koya a makonnin da suka biyo baya shi nake so in ba ka, ɗan'uwa, tun kafin irin wannan kira ya same ka.

Kada ka fara da cike fom. Fara da lambarka ta NIN, wato lambar shaidar zama ɗan ƙasa. Yanzu Hukumar Shige da Fice ta Najeriya daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, take jawo bayananka, kuma dole abin da ke can ya yi daidai da na tsohon fasfo, harafi da harafi. A nan mu Hausawa muka fi cin tuntuɓe. A fasfona Muhammad ne, wanda ya yi mini rajistar NIN kuwa ya rubuta Mohammed. Wani kuma Abubakar ne a nan, Abubakar Sadiq a can, ko sunan mahaifi ya koma tsakiya, sunan gari ya zama na ƙarshe. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba. Ɗauko takardar NIN da fasfo ka jera su a kan tebur, ka duba suna, jerin sunayen, da ranar haihuwa. In akwai saɓani, shiga shafin gyaran bayanai na NIMC ka nemi a mayar da NIN ya bi fasfo. Gyara ta wannan fuska ya fi sauƙi, domin canza bayanan fasfo wani dogon aiki ne mai neman takardar rantsuwa ta kotu da amincewar Abuja. Bayan gyaran ka ɗan jira har sabon sunan ya bayyana a shafin fasfo kafin ka biya ko kwabo.

Daga nan sai fom, a shafin passport.immigration.gov.ng. Cike shi da hannunka. Akwai masu yawo a zaurukan WhatsApp suna cewa suna da hanya, a ba su fam kaza su fito da fasfo cikin kwana uku. Wani abokin aikina ya ba irin wannan mutum kuɗi da hoton fasfonsa, daga ranar lambar ba ta sake shiga ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu magana, amma baƙunta ba ta kai ka miƙa bayanan rayuwarka ga wanda ko fuskarsa ba ka sani ba.

Fasfon iri biyu ne: mai shafi 32 na shekara 5, kuɗinsa dala 150 ga mazauna waje, da mai shafi 64 na shekara 10, dala 230. Ni dai shawarata ka ɗauki na shekara goma in aljihu ya yarda. Bambancin dala 80 ne, ka huta da wannan zirga-zirga har tsawon lokaci.

Sai ɗaukar hoto da zanen yatsu. A da, kowa sai ya taka zuwa ofishin jakadancinmu da ke lamba 9, Northumberland Avenue, kusa da dandalin Trafalgar a Landan. Daga ƙarshen 2024 aka fara tsarin sabuntawa ta waya a Kanada, sannan ya iso Turai a farkon 2025: ka sauke manhajar NIS Mobile, ka ɗauki fuskarka da yatsunka da kyamarar wayarka, ka aika tsohon fasfo ta gidan waya. Na manya ne masu sabuntawa kawai, waɗanda ba su canza komai ba. In ka cancanta, bi nan. Tsaya inda haske yake sosai, jikin farin bango, ka goge kyamarar, kada ka gaji in yatsun suka ƙi ɗauka a karon farko.

Wanda fasfonsa ya ɓata, ko yaro, ko mai neman na farko, shi kam sai ya je da ƙafarsa. Zaɓi ranar ganawa a shafin, kuma ka riƙa leƙawa safe da yamma, don in wani ya fasa, gurbinsa kan buɗe. Riƙe takardar biyan kuɗi da ta ganawa a buge, da tsohon fasfo, da NIN, da ambulan ɗin Special Delivery na Royal Mail da ka rubuta adireshinka a kai, ka kuma ajiye lambar bin sawunsa. In ɓata ya yi, haɗa da rahoton 'yan sanda. Tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa zuwa ƙofar.

To, idan ba ka da makonnin jira fa, kamar ni? Hanya biyu ce. Ofishin jakadanci na ba da takardar tafiya ta gaggawa, wadda za ta kai ka Najeriya kawai, tafiya ɗaya. Ta biyu kuwa, tun watan Disamba na 2022 gwamnati ta sanar cewa ɗan Najeriya na iya komawa gida da fasfon da ya mutu. Ita na bi. Amma ka kira kamfanin jirgin ka tabbatar kafin ka yanki tikiti, kuma ka hau wanda zai tashi daga Landan ya sauka Abuja ko Legas kai tsaye, domin ƙasar da za ka ya da zango a cikinta ba ruwanta da sanarwar gwamnatinmu. Ka kuma sa a ranka cewa ba za ka dawo ba sai da sabon fasfo. Kafin in tashi na nemi gyaran sunana, na kuma gaya wa wurin aiki gaskiya cewa ranar dawowata ba a hannuna take ba. A gida na sabunta, tsakanin jinya da zuwa ofis. Tun 1 ga Satumba 2025 kuɗin a can naira 100,000 ne mai shafi 32, mai 64 kuma naira 200,000.

Abu na ƙarshe, kuma mutane da yawa na mantawa da shi. Birtaniya ta daina amfani da katin izinin zama na BRP, izinin zamanka yanzu eVisa ne, wato na intanet, kuma a ɗaure yake da lambar fasfo. Ranar da sabon ya shigo hannunka, shiga asusunka na UKVI, hukumar biza ta Birtaniya, ka sa sabuwar lambar kafin ka nufi filin jirgi. Ni a bakin gadon Hajiya na yi nawa, tana shan kunun gyaɗa tana tambayata me nake ta latsawa. Tsohon fasfon ma na sa shi a jaka ɗaya da sabon na dawo da su tare.