Yadda Ake Musun Ƙwallo a Majalisa Ba a Tashi Baram-baram Ba

Ni tela ne, shagona yana Mabera a Sakkwato, kuma ɗan Arsenal ne ni tun 1999 da Kanu ya koma can. Na faɗi haka tun farko don ka san mai ba ka shawarar nan ya sha tsiya iri-iri a bakin 'yan majalisa. Abin da ya zaunar da ni rubutu kuwa, makon jiya wasu samari biyu suka cakumi kwalar juna gaban teburin mai shayinmu a kan Messi da Ronaldo, har suka kifar da kofin wani dattijo da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai shayi ya rantse kada ya sake ganin ƙeyarsu. Na dube su na ce a raina, yaran nan ba su iya musu ba. Musu kuwa koyonsa ake yi, kamar yadda yaro ke koyon fitar da wuyan kaftani.

Abu na farko, ka gane irin wasan da ka shiga. Mu nan mun gaji wasan taubasai tun kaka da kakanni. Bafulatani ya tsokani Babarbare, Bagobiri ya tsokani Bayarabe, Bakano da Bazazzagi kuwa ba a magana. A faɗa maka baƙar magana ka yi dariya ka rama, gobe a ci tuwo kwano ɗaya. To ɗan Madrid da ɗan Barcelona taubasai ne, haka ɗan Arsenal da ɗan Man U. In ka ɗauki abin a haka, rabin aikin ya ƙare. In kuwa ka ɗauka gado ake rabawa, wahala za ka sha, don su 'yan wasan da kake tayar wa jijiyar wuya ba su taɓa jin sunan unguwar Gawon Nama ba.

In sabuwar majalisa ce ko sabon gidan kallo, kwana uku na farko kunne za ka sa, ba baki ba. Ka lura wa ke zama bencin gaba kusa da fanka, wa ake yi wa shiru in ya fara magana, wa ke da saurin fushi. Kowace majalisa tana da dattijonta, wanda ya saurari wasan 1980 a rediyo lokacin da Nijeriya ta fara ɗaukar kofin Afirka a Legas. Irin wannan ba a ce masa "ƙarya ne". Cewa ake yi, "Baba, Allah shi ba ka haƙuri, kamar dai ba hakanan ba na." Magana ɗaya ce, amma ɗaya ta bar maka wurin zamanka, ɗaya ta kore ka.

Sai guzuri. Kuskuren samari shi ne su zo da labari buhu-buhu daga waya, rabinsa ƙanzon kurege. Ba yawa ake so ba. Abu biyar ko shida da ka haƙƙaƙe, wanda ko an tashe ka daga barci ba za ka yi tuntuɓe ba, sun ishe ka shekara. Ni ga nawa. Kakar 2003 zuwa 2004 Arsenal ta buga wasa 38 a Firimiya, ta ci 26, ta yi canjaras 12, ba wanda ya doke ta. Na san me za a ce mini, tuna baya shi ne roƙo. Sai in ce na ji, a kawo mini wanda ya sake yin haka a Firimiya. In ɗan Chelsea ne ya matsa mini, ina da ranar da suna gaba da biyu a gidansu, Kanu shi kaɗai ya zura musu uku a 1999. Shi kuma zai ciro kofin Zakarun Turai na 2012 da Mikel ya ɗaga, ya ƙara da na 2021, ya tuna mini 2006 da Barcelona ta doke mu biyu da ɗaya a wasan ƙarshe a Faris. Ka ga an yi musu mai daɗi, kowa ya jefa ya kuma karɓa, ba wanda ya yi ƙarya.

Ɗan Madrid shi ne mai wuyar sha'ani. Da ka buɗe baki zai ɗaga hannu ya nuna maka goma sha biyar, kofin Zakarun Turai da suka kai a 2024. Kada ka yi masa gardama a nan, ba ka da abin cewa. Juya shi za ka yi ka haɗa shi da ɗan Barcelona, ka koma gefe kana kurɓar shayinka. Shi kuma ɗan Barcelona in ya cika baki da shida da ɗayan da suka yi wa PSG a 2017, kalma biyu ta ishe shi: takwas da biyu, Bayern, 2020.

Batun Messi da Ronaldo, shawarata kada ka daɗe a ciki. Ɗan Messi ya ce Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, har takwas da kofin duniya na Ƙatar a 2022, ɗan Ronaldo ya ce Ballon d'Or biyar da kofin Zakarun Turai biyar da kofin ƙasashen Turai na 2016. Shi ke nan, zancen ya ƙare, saura sai maimaici da ɗaga murya. Daga maimaici ne ake kaiwa ga kwala.

Inda ake cin mutum ba tare da hayaniya ba shi ne dokokin wasa, don mafi yawan masu ihu ba su san su ba. Ka riƙe wannan: babu satar gida in ƙwallo ta zo wa ɗan wasa kai tsaye daga jifa, ko daga kwana, ko daga bugun gola na fitar da ƙwallo. Wani dare a gidan kallonmu aka yi jifa mai nisa, ɗan wasa yana can bayan kowa ya karɓa ya zura. Wani ɗan kabu-kabu ya miƙe tsaye a kan benci, hularsa a hannu, yana ta sababi: "Wallahi satar gida ta! Wanga rafali an saye shi!" Na bari sai da ya sauko ya zauna, na matsa kusa da kunnensa na ce, "Abokina, daga jifa taz zo." Ya ce, "To mi na na?" Na ce babu satar gida a jifa. Ya yi tsit, ya tambayi na kusa da shi, aka tabbatar masa. Da na faɗa da ƙarfi gaban mutum sittin, da na yi maƙiyi. Yanzu in ya gan ni bakin titi da ƙunshin yadi, tsayawa yake yi ya rage mini hanya. Haka kuma har yau akwai masu lissafin cin waje, wato fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin hamayya in an yi kunnen doki, a gasar Zakarun Turai, alhali tun 2021 aka soke wannan doka. Ka gyara musu, amma a hankali.

Yanzu ga mai wuyar, ranar da aka lallasa ku. Kada ka ɓuya. Wanda ya kashe waya ya ƙi fitowa, tsiyarsa ajiye masa ake yi, har da riba. Ka riga kowa zuwa majalisa, ka zauna inda ka saba, ka fara yi wa kanka tsiya kafin a yi maka. In ka ce, "Jama'a a yi mana ta'aziyya, bayanmu ya zama ƙofar gari," to ka zare musu ƙaya daga baki.

Ban koyi wannan da arha ba. Ranar 28 ga Agusta 2011, ƙarshen azumi, Sallah ta kawo jiki, shagona cike da shaddodin mutane har kan keken ɗinki, na bar yara da aiki na tafi kallo da la'asar. Man U ta zuba mana takwas, muka rama biyu. Ga ƙishirwa, ga zafin kwano, ga janareto yana hayaƙi a bayanmu. Na dawo shago na tarar da ƙanen matata, ɗan Man U na gani kashe ni, yana zaune kan tarin yadi yana jirana. Bai ce komai ba, sai ya ɗaga yatsu takwas yana lissafa su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma maimakon in tsaya ga ƙwallo, sai na ce masa wanda ya kasa cin jarabawa sau biyu ba shi ne zai koya mini lissafi ba. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya tashi ya sa takalmi, ko kaftaninsa na Sallah bai karɓa ba. A tsohuwar riga ya je Idi. Sai da yayarsa ta yi kwanaki ba ta ce mini ci kanka ba, sannan na ɗauki kaftanin da kaina na kai masa har gida na ba shi haƙuri. Tun daga ranar na yi wa kaina iyaka: ka zagi ƙungiya, ka zagi koci, ka zagi gola har ka gaji, amma sana'ar mutum, da karatunsa, da aljihunsa, da iyayensa, da garinsu, ba sa cikin fili. Caca ma haka. Duk musun da aka sa kuɗi a kai ya tashi daga wasan taubasai, kuma yawancin rigimar da na gani a gidan kallo akwai takardar caca a aljihun wani.

Ka tanadi wani abu na gida kuma, don akwai ranar da wani zai ce muku 'yan bautar Turawa, kuna da Sokoto United a filin Giginya ba ku zuwa. Gaskiya ya faɗa, kada ka musa. Amma ka nuna kai ma ka san naka. Kano Pillars ta ɗauki kofin lig na ƙasa a 2008, ta kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014. Enyimba ta Aba ta ci kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004. Ahmed Musa ya ci Ajantina biyu a gasar kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018. In Super Eagles ake magana, nan ne kawai majalisa ke zama tsintsiya ɗaya. Daren da Kodebuwa ta doke mu biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan, Fabrairun 2024, bayan mu muka fara ci ta kan Troost-Ekong, ɗan Madrid da ɗan Barcelona tare suka fita shiru kamar an dawo daga maƙabarta.

Akwai kuma wani kati da nake ɓoyewa sai ɗaliban jami'ar Ɗanfodiyo sun zo hutu suna yi mana burga da ƙwallon kwandon Amurka, suna ba mu labarin yadda jami'o'in can ke cika filaye da 'yan kallo. Sai in tambaye su, Hakeem Olajuwon, wanda ya tashi daga jami'ar Houston aka ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar kwandon Amurka, a 1984, ya ci kofin NBA a 1994 da 1995, ina aka fara sa shi gasar kwando? Su yi ta Legas, Legas. A'a. Haifaffen Legas ne, amma ɗan ƙwallon hannu ne a makarantarsu, sai da suka zo gasar makarantun horar da malamai a nan Sakkwato aka jarraba shi a kwando. Daga nan sai in ɗora musu tawa tambayar: ku da kuke da gasar NUGA ta jami'o'in ƙasar nan, wa ya taɓa zuwa ya tafa wa 'yan makarantarsu? Nan ake sauya zance.

Zance kuwa dole ya sauya, don ba a yin awa biyu a majalisar Sakkwato ba a gangaro kan labarun duniya ba. Daga kuɗin da aka sayi ɗan wasa sai a faɗa kuɗin fetur, daga nan sai 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, sai juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakar Illela da Ƙonni. A nan ka rage murya. Ƙwallo ba ta taɓa tukunyar kowa, wannan kuwa ta taɓa. Mai yiwuwa na gefenka albasarsa ce ta ruɓe a mota a bakin iyaka, ko 'yarsa ce ke aure a Ƙonni. Kafin ka faɗi labari ka faɗi inda ka samo shi. "Na ji a BBC da safe" daban, "an turo mini a WhatsApp" daban, kuma ba kunya ba ne ka ce na biyun. In zancen ya kai ga jam'iyya, ko ga malamin wani, ni dai agogo nake dubawa. Wani lokaci in jefa tambayar da na san za ta ja kowa baya: "Wai tsakanin Osimhen da Lookman, wa ya fi cancantar gwarzon Afirka?" Ɗaya ya ci a 2023, ɗaya a 2024, don haka kowa na da abin riƙewa, sai ka ga siyasa ta bi ruwa.

Wani ɗan abu game da lokaci. Da sanyi wasannin Zakarun Turai ƙarfe tara na dare suke farawa a agogonmu, ka yi Isha'i a natse ka tafi. Amma daga ƙarshen Maris Turawa suna tura agogonsu gaba, sai wasa ya dawo ƙarfe takwas, daidai kiran salla, ga shi lokacin ne ake wasannin kusa da na ƙarshe, ga zafin Afrilu da ke sa rigar mutum ta manne da benci. Ka yi sallarka tukuna. Minti goma sha biyar na farko ba abin da za ka rasa wanda ba za a maimaita a hutun rabin lokaci ba, kuma ka huta da gorin dattawa.

Su waɗancan samari biyu kuwa, shekaranjiya na gan su sun raɓe daga nesa suna leƙen teburin. Na roƙi mai shayi ya yi haƙuri. Ya ce sai sun biya dattijo kofinsa, shayi mai kauri, da biredi da ƙwai biyu. Ɗan Ronaldo ya biya shayin, ɗan Messi ya biya ƙwan, sai ga su suna gardamar wa ya fi kashe kuɗi.