Darasi na 7: Gado da Ƙwaƙwalwar Yaro

Uwa, ɗora tafin hannunki a hankali a kan maɗigar jaririnki. Za ki ji tana bugawa. Ƙashin kai bai haɗe ba tukuna, domin abin da ke ciki yana girma da sauri. Ranar haihuwa ƙwaƙwalwar jariri kamar kashi ɗaya cikin huɗu ce ta babban mutum. Kafin ya cika shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100.

Mu Hausawa mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Akwai gaskiya a ciki. Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma kusan kowace ɗaya tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri wajen 20,000, kusan kowane iri biyu-biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ku ɗauke su kamar littafi mai shafi 20,000. Ba a karanta shi gaba ɗaya lokaci guda. Ƙwayar fata tana buɗe shafinta, ta ƙwaƙwalwa tana buɗe nata. Wani shafin a cikin mahaifa ake karanta shi sannan a rufe, wani sai yaro ya fara tatata.

Shafukan nan ne ke umartar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su yawaita, kowace ta tafi mazauninta, su miƙa wa juna siraran jijiyoyi. A shekarun farko hanyoyin suna yin yawa fiye da bukata. Daga nan sai a fara ragewa. Kun san turbar zuwa rafi: wadda ake bi kullum tana faɗi, wadda aka daina bi ciyawa ta cinye ta. Duk sanda kika kira sunan jariri, ya yi gwaranci kika amsa masa, kika yi masa tawai, wata turba ce ake takawa, kuma wannan takawar da kanta tana buɗe wasu shafukan gado. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an ce wa yaro ɗan shekara 3 daƙiƙi ne, wai gidansu ya gado. Ginin bai ma kai linta ba.

Abinci ma yana da hannu. A wuya akwai wata kaluluwa da ke amfani da sinadarin aidin ta yi ruwan da ke buɗe shafukan ƙwaƙwalwa. Rashin aidin ne ke kawo maƙoƙo ga babba, ga ɗan tayi kuwa yana dakushe basira. A sayi gishiri mai aidin, a ajiye shi a rufe. Mai ciki ta je awo da wuri ta sha maganin ƙarin jini. Nono zalla har wata 6, bayan nan a ƙara da kunu mai gyaɗa, wake, zogale, ƙwai ko ɗan kifi.

Akwai kuma abin da mu a Zamfara muka gani da idonmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma. Ana kawo dutsen zinare mai ɗauke da dalma cikin gida a daka, a niƙa, ƙura ta sauka a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin kalsiyam, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, sai ta shige ta dagula ginin. Wasu da suka rayu sun tashi da farfaɗiya ko wahalar koyo, alhali iyayensu lafiyarsu lau. Maigida, idan kana aikin haƙa, ka bar dutsen a can. Ka yi wanka ka sauya tufafi kafin ka ɗauki ɗanka.

Aikin aji: rubuta kalmomin maɗiga, ƙwaƙwalwa da dalma sau uku-uku, ka lura da lanƙwasar ɗ da ƙ. Idan an koma gida, a duba ledar gishiri a ga ko an rubuta cewa da aidin a ciki, a zo da ita gobe.