Yadda ake fahimtar sakamakon gwajin tsoka na ciwon dajin huhu

A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ciwon dajin huhu ya kashe mutum kusan miliyan 1.8 a shekarar 2022. A wurinmu yana saurin ɓuya a bayan tarin tibi, domin alamunsu sun yi kama: tari, rama, wani lokaci kakin jini. Idan an sha maganin tibi ba sauƙi, ko gwajin majina bai nuna komai ba, a koma wa likita a nemi hoton siti sikan na ƙirji. In an ga tsiro, sai a ciro ɗan yankin tsoka a kai ɗakin gwaji, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ranar da takardar ta fito, ga yadda za ka bi ta.

Da farko ka tambayi nau'in ciwon. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wanda ke saurin yaɗuwa, shi ne kusan kashi 15 cikin ɗari. Sauran kashi 85 suna wani rukunin daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na biyu, mataki. Ana ƙirga shi daga 1 zuwa 4, bisa girman tsiron, ko ya kai ga kaluluwa, da ko ya tsallaka wata gaɓa kamar ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa. Takardar tsoka kaɗai ba ta faɗin wannan, sai an haɗa da hotuna. Matakin ne, tare da ƙarfin jikin mara lafiya, ya fi komai nuna inda aka dosa.

Na uku, ka tambaya ko an duba EGFR, ALK da PD-L1, wato wasu alamomi da ake nema a ƙwayoyin tsiron. Waɗannan su ke iya canza magani. Wanda aka samu sauyin EGFR a tsironsa, misali, ana iya ba shi ƙwayar sha irin su gefitinib ko osimertinib.

Sai alamun rikiɗar ƙwayar halitta, inda mutane suka fi ruɗewa. Ƙwayoyin da suka lulluɓe hanyoyin iska a huhu suna manne da juna ta wani sinadari mai suna E-cadherin, kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Wasu ƙwayoyin daji sukan rage shi, su soma yin wasu sinadaran, wato vimentin da N-cadherin. Daga nan sai su sake siffa, su miƙe, su rabu da 'yan uwansu, su kutsa cikin jijiyoyin jini. Jiki ya san wannan rikiɗa tun asali: da ita jariri ke ginuwa a ciki, da ita rauni ke haɗewa. Dajin ne ke karkatar da ita zuwa ɓarna. Bincike da dama sun nuna cewa raguwar E-cadherin da ƙaruwar vimentin suna tafiya da saurin yaɗuwa, kuma rikiɗar na cikin hanyoyin da ciwon ke bijire wa magungunan EGFR.

Amma a kula sosai. Wannan sakamako ne na rukunin marasa lafiya masu yawa, ba hukunci a kan mahaifinka ko yayarka ba. Gwajin waɗannan sinadaran bai shiga cikin waɗanda ake yi wa kowa ba, kuma likita ba ya zaɓar magani da shi kaɗai. Raina yana ɓaci in ga iyali sun tsorata da layi ɗaya a takarda har sun janye daga asibiti. In kuɗi ya yi ƙaranci, a shawarata a fifita hoton tantance mataki da gwajin EGFR.

Kafin ka bar ɗakin gwaji, ka riƙe lambar samfurin. Ana adana tsokar a daskare cikin kakin kyandir, kuma da ita za a iya yin ƙarin gwaji a wani asibitin ba tare da an sake huda ƙirjin mara lafiya ba.

Ranar ganin likita ku je mutum biyu, ɗaya yana rubutawa. Ka ce masa: “Likita, maganin nan na neman warkewa ne, ko na rage ciwo da tsayar da yaɗuwa?” Ka kuma nemi maganin zafi da na sarƙewar numfashi tun a ranar, ba sai an gama sauran gwaje-gwajen ba.