Yadda nake koyar da jadawalin sinadarai da guntayen kwali

Malamai 'yan uwana masu koyar da kemistiri a sakandare, kada ku fara da liƙa jadawalin a allo ku ce a haddace. Yaranmu na Sakkwato gwanayen hadda ne, za su rero shi tsaf, amma tambaye su dalilin zaman sodiyam ƙarƙashin litiyam, sai aji ya yi tsit. Ni hanyar da magabata suka bi suka gina shi nake sa su bi.

Ka samo kwali wurin mai shago, ka yanka kamar tafin hannu. A gaba ka rubuta sunan sinadari da nauyinsa da halinsa guda, a baya lambarsa, wato yawan furoton da ke cikin ƙwayar zarrarsa. In hunturu ne a danne kowanne da tsakuwa. Heliyam, niyon da agon ka bar su a aljihu tukuna, galiyam ma ka ɓoye shi.

Fara da uku-uku, wato sinadarai uku masu hali iri ɗaya, irin na Döbereiner, Bajamushe, a 1829. Litiyam 7, potasiyam 39, su haɗa su raba biyu. Sai ga 23, nauyin sodiyam! Daga nan su jera bisa nauyi kamar Newlands na Ingila a 1865, su ga hali yana maimaituwa a kowane na takwas, har abin ya watse bayan kalsiyam.

Kada ka yi gaggawa a kan Mendeleev na Rasha. A 1869 sinadarai 63 kawai aka sani, amma ya ƙi cusa wani inda bai dace ba, ya bar gurbi. Ƙarƙashin alminiyam ya ce akwai wani mai nauyi wajen 68. Ka sa yara su yi nasu hasashen, sannan ka fito da katin galiyam, wanda aka gano a Faransa a 1875, nauyinsa 69.7. Wallahi duk shekara wannan wurin na fi so.

Sai ka zaro na aljihu, su buɗe musu sabon layi, domin sai a 1894 Ramsay da Rayleigh na Birtaniya suka gano agon.

Yanzu miƙa musu teluriyam da ayodin. Teluriyam ya fi nauyi, don haka bisa nauyi shi zai faɗa gidan kulorin, amma hali ya ce ayodin ne ɗan gidan. Bar su su yi ta musu. In sun gaji su juya katin: 52 da 53. Gyaran Moseley na Ingila ke nan a 1913, lamba ake bi, wato yawan furoton, ba nauyi ba.

Bayan wannan ne za ka rataye cikakken jadawalin mai sinadarai 118, wanda huɗu na ƙarshen shiga cikinsa suka samu sunayensu a 2016.